Littafin Baba Yohanna a Cikin Kular Abinci

Har gobe in na haɗu da matan zumuntarmu, ko tsofaffin ɗaliban da na buga wa furojet, sai an sami mai cewa, "Maman Dauda, wai da gaske ne ke da Madam Ngozi kun taɓa zuwa har Yamai saboda kwamfuta?" Da gaske ne. Matsalar ita ce kullum a bakin coci ake tambayata, ko a cikin bas ɗin Sabon Gari, kafin in kai labarin bakin iyaka mai tambayar ta ce direba akwai sauka. Shi ya sa na ce bari in zauna in zuba shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu. Ina da ɗan shagon buga takardu a Samaru ta Zariya, a layin da ke kallon jami'a. Shaguna irin nawa sun cika layin, kowa da janaretansa a ƙofa, in aka ɗauke wuta sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Abin da ya raba ni da sauran shi ne Hausa. Kwamfutocinsu ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. In ɗalibi ya kai musu aikin Hausa, sai an gama bugawa ya bi da biro yana yi wa haruffa ƙugiya. Ni kuwa ina da manhajar da ke fitar da su tsaf.

A wurin Madam Ngozi na saye ta. Shagonta yana unguwar PZ, tana sayar da kwamfuta da kayanta, kuma ita ce wakiliyar wani kamfani na Legas da ke kawo manhajar. Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, a nan ta yi wayo. In tana ciniki da Hausa sai ka leƙa fuskarta ka tabbatar. Manhajar tana zuwa da wani ɗan abu kamar akwatin ashana da ake sokawa a bayan kwamfuta, makulli muke ce masa. In babu shi ba ta buɗuwa, kuma duk abin da ka buga da ita, ita kaɗai ke iya karanta shi. A lokacin ban ga aibin haka ba. Daɗi ma nake ji, don maƙwabtana ba za su iya kwafa ba.

Cikin masu kawo mini aiki akwai Baba Yohanna, tsohon malamin firamare da ke zaune a Palladan. Idonsa ya riga ya tafi, sai dishi-dishi. Duk Talata ɗan acaɓa ke sauke shi a ƙofar shagona, ya zauna a kujerar roba, ya jingine sandarsa, ya yi ta faɗa ina bugawa. Tarihin ƙauyensu yake so ya bari: yadda aka kafa shi, sunayen irin dawar da aka daina shukawa, waƙoƙin niƙa na mahaifiyarsa, yadda makaranta ta shigo. Wani abin daga kansa yake, wani kuma sai ya je ƙauye ya tambayo tsofaffi ya dawo da shi a baki. Mun shekara da shekaru a haka. Ba mu fitar da shi a takarda ba, don kullum yana cikin gyara, ya ce a bari sai an gama. Ni dai ina kwafa a faifai ina ajiyewa.

Ran nan da rana tsaka, ina cikin adana aikinsa, aka kawo wuta da ƙarfi. Na ji fat, sai ƙaurin roba. Mai gyara ya tayar da kwamfutar, amma makullin ya ƙone. Na ɗauko faifan da na ajiye ina murna, sai a lokacin na gane su ma ba su buɗuwa sai da manhajar, ita kuma ba ta buɗuwa sai da makulli.

Na garzaya PZ. A gabana Madam Ngozi ta kira Legas. Suka ce sun daina yin wannan, babu makullinta ko ɗaya, a sayi sabuwa. Ta tambaya ko sabuwar za ta buɗe tsohon aiki. Suka ce a'a. Ta tambaya ko tana da haruffan Hausa. Suka ce sun cire, don babu kasuwa. Ta fara da Turancin ofis, ta koma Turancin buroka, ta ƙarasa da wata Hausa da ba zan iya rubutawa a nan ba, sannan ta kashe wayar ta zauna tana huci.

Ranar Talata na gaya wa Baba. 

"Har da waƙoƙin innata?"

"Suna ciki, Baba. Ba su ɓace ba. Fito da su ne ba a iya yi."

"Waɗanda suka tuna mini da su duk sun kwanta dama," in ji shi. "Ni ma da na ga kin rubuta, sai na sake su."

Ya laluba sandarsa ya tashi. Ranar bai jira ɗan acaɓansa ba, da ƙafa ya nufi titi.

Wanda ya kawo maganar Yamai wani ɗalibi ne ɗan Nijar, Malam Isufu, yana karatun noma. Ya ce yayarsa Ramatu tana aiki a wata ƙaramar maɗaba'a a can, inda ake buga littattafan yaƙi da jahilci. Su ma irin wannan ta taɓa cin su, suka tsere, suka koma wata irin manhaja da ba ta da makulli, kowa na iya ɗauka. Muka gwada aika mata aikin ta imel a kafe, wato shagon intanet, abu ya ƙi tafiya. Ɗan abin da ya isa ta duba ta ce bai wadatar ba, sai ta ga had-dis ɗin kansa, wato ƙarfen nan mai kamar gwangwanin kifi da komai ke kwance a cikinsa.

Maigidana Ishaku ya ce ba zan tsallaka ƙasa ni kaɗai ba. Da na faɗa wa Madam Ngozi, ko tunani ba ta tsaya yi ba.

"Saratu, da hannuna na sayar miki da abin nan, tare za mu je. Kuma ina so in ga mutanen nan ido da ido. Yaya mutum zai zauna ya yi kaya ya raba kyauta? In abin ya iso Zariya ni me zan ci?"

Da kaka muka tashi. Na naɗe had-dis ɗin a zane na cusa a kular abinci, don kada girgizar mota ta taɓa shi, na rungume a cinya. Muka shiga fijo mai zuwa Katsina. Wani dattijo mai sayar da fata yana gefena, tun daga Funtuwa yake satar kallon kular. Da muka wuce Malumfashi ya kasa daurewa.

"Baiwar Allah, kular nan ba za a buɗe ta ba ne? Abinci in ya kwana biyu a rufe lalacewa yake yi."

Na ce masa littafi ne a ciki. Ya dube ni, ya dubi Madam Ngozi, ya matsa jikin ƙofa. Sai da ta buɗe tata jakar ta miƙa masa alala guda biyu sannan ya yarda mu masu hankali ne. Daga nan har Katsina bai rufe baki ba, shi ya koya mana inda za mu canza kuɗi da wanda za mu guje wa a tasha.

A Jibiya muka bar ƙasarmu. Wannan ne karona na farko, na zaci zan ga katanga ko wata babbar ƙofa. Sanda ce kawai aka gitta a hanya, gero a wannan gefe, gero a wancan. A ɓangaren Nijar wani jami'i dogo ya karɓi takardunmu da katin rigakafi. Ya karanta sunan Madam Ngozi da ƙyar, ya tambaye ni ko tana jin Hausa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaye ni mana, ai ga ni a tsaye." Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Sannan ya nuna kular.

Na buɗe, na warware zanen. Ya ɗaga ƙarfen yana jujjuyawa, na tara hannu kada ya suɓuce masa.

"Mi ne na wanga?"

"Littafi ne. Na wani tsoho ne a garinmu, makaho. An kulle shi a ciki, za mu kai a buɗe."

"Wa ya kulle shi?"

Madam Ngozi ta ce, "Waɗanda suka sayar mana da kwaɗon."

Ya kara shi a kunne kamar mai jin agogo, sannan ya mayar da shi cikin zanen da kansa, ya naɗe a hankali fiye da yadda na naɗe. Ya ce in mun dawo mu gaya masa ko ya buɗu.

A Maraɗi gidan mahaifiyar Malam Isufu muka sauka, Inna Hajo. Tun daga zaure ta tare mu. "Kun zo lahiya? Ina gajiyar tahiya? Ku taho ku sha hura." Hausa ce, amma sai ka miƙa kunne, kamar ka shiga ɗakinka ka tarar an sauya wa kaya wuri. Ita ma tamu dariya take ba ta, ta ce muna magana kamar rediyo. Furarsu ba irin tamu ba ce, tsararo ce mai tsami, kuma ita ce abincin rana, ba a jiran wani tuwo a bayanta. Madam Ngozi ta shanye kwano tana jiran a kawo abinci, sai da na taɓa ta na raɗa mata an gama.

Da la'asar Inna Hajo ta shimfiɗa mana tabarma ta ajiye buta. Na ce mata mu Kirista ne. Ta ɗauke butar ta bar tabarmar, ta ce, "To ku yi irin taku, ku sa da ɗana, karatun nan nashi ya daɗe." Muka yi, muka sa da shi.

Daga Maraɗi babbar bas ake shiga, su kar suke ce mata. A nan muka ga abin da ba mu saba ba: an rubuta lokacin tashi a tikiti, kuma da gaske suke. Mu da muka saba mota ba ta motsi sai ta cika ta batse, Madam Ngozi ta leƙa ta ga kujeru da saura, ta ce bari ta sayo burodi. Tana fita direba ya tayar. Na yi ta bubbuga gilashi ina ihu, kula a hannu ɗaya. Can na hango ta a guje, ɗankwali a kafaɗa, ta rungumo burodin nan nasu dogaye kamar taɓarya, tana ɗaga ɗaya sama tana kiran direba da sunayen da bai taɓa ji ba. Da ta shigo duk motar aka sa tafi. Ta zauna tana haki ta ce, "Wace irin ƙasa ce wannan, mota ba ta jiran mutum?"

Yini guda muka yi a hanya. A Ƙwanni aka tsaya salla, muka sayi kilishi, wata mata da ke bayanmu ta cika mana jaka da albasa don kawai mun riƙe mata jariri ta yi alwala. Bayan Dogon Dutsi Hausa ta fara ƙaranci a bakin masu talla, Zabarmanci ya karɓa, a nan na fara jin lallai na yi nisa da gida. Gab da Yamai wani ya ce a duba dama. Raƙuman dawa ne, suna cin ganye a bakin hanya, babu shinge babu mai gadi.

Ramatu ta tare mu a tasha. 'Yar siririya ce mai tabarau, ba ta kai ni shekaru ba, a kan ɗan babur ɗinta ta zo. Wannan ma ya ba mu mamaki, mata a kan babur ko'ina, da jaka da goyo. Ta sa mu a tasi ta bi mu a baya. A gidanta muka sauka, ta ba mu ɗakin 'ya'yanta, ta kawo dambu da kwaɗon zogale da suke kira kopto. Muna ci ta ce, "Gobe da sahe sai biro." Na buɗe jaka na miƙa mata biro. Ta karɓa tana dubana, ni ma ina dubanta. Ashe ofis suke nufi.

Maɗaba'ar ɗaki biyu ce a bayan wata makaranta. Kwamfutocin tsofaffi ne, irin waɗanda Madam Ngozi ta ce ko kyauta ba za ta karɓa ba, amma suna gudu. Ramatu ta haɗa had-dis ɗina da tata, ta fara kwafe komai gefe guda kafin ta taɓa wani abu. Tana yi tana ba mu labari. Su ma kamfaninsu ya juya musu baya da littattafai a ciki. Na Hausa suna da su a takarda, suka sake bugawa. Na Fulatanci ne babu, sai suka sami wata 'yar manhaja da wani malami a Mali ya rubuta don fito da nasa aikin daga irin wannan kurkuku, ya sa ta a intanet don duk mai bukata.

"Nawa ya caje ku?" in ji Madam Ngozi.

"Ko sisi."

"To me yake ci?"

"Malami ne, yana da albashinsa. Ni kuma nan ana biyana. Makarantu na kirana in sa musu, in koya musu, in ta lalace in gyara. Manhajar ce kyauta, ni ba kyauta ba ce."

"In ta lalace ke kuma wa za ki kira? Mu aƙalla muna da kamfani, muna da lambar waya."

Ramatu ta ɗago tabarau. "Yaya, da taku ta lalace kun kira lambar?"

 Amma Madam Ngozi ba mace ce da ake kayarwa da magana ɗaya ba. Ta ce ita mutanen da ke shigowa shagonta ba su san cikin kwamfuta ba kuma ba sa son sani, so suke a ba su abin da ofis ke amfani da shi, abin da malamin jami'a zai buɗe ba gardama. Ramatu ta ce wannan gaskiya ne, su ma suna fama da shi. Suna cikin haka rana ta take, sai na ga kowa na rufe ƙofa. Wai an tashi sai la'asar, garin gaba ɗaya barci zai yi. Ni da littafin Baba ke kan tebur, ji na yi kamar in yi kuka. Haka muka koma gida muka kwanta ido biyu.

Da la'asar Ramatu ta saki manhajar malamin Mali a kan aikin. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, wasu rubuce-rubuce suka yi ta gudu, sai ga Hausa ta fara zubowa. Na gane layin farko tun kafin in karanta shi. Na dafe baki.

Madam Ngozi ta matso tana karantawa da ƙarfi. "A auyenmu, in bao ya zo, ba a tambayarsa daga wace asa yake..." Ta tsaya. "Saratu, wane yare ne wannan?"

Duk wata ƙ da ke cikin littafin ta ɓace. Ƙauye ya zama auye, baƙo ya zama bao, waƙar niƙa ta zama waar nia. Murnata ta koma ciki. Ramatu kuwa dariya ta kama yi har da hawaye. Ta ce ai Fulatanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ, bawan Allah bai san da ita ba balle ya tanadar mata wuri.

"Sai mu jira shi ya gyara ke nan?" na tambaya.

"Don mi? Ga cikinta nan a buɗe."

Ta buɗe manhajar kanta kamar mai buɗe bonet, ta nuna mana inda ya jera haruffansa. Ta sa ni in tuna mata kalmomin da na tabbata akwai ƙ a cikinsu, babba da ƙarama, tana lalube har ta gano alamar da kamfanin ya ɓoye su a ƙarƙashinta. Ba a karon farko ta dace ba, akwai lokacin da duk ƙ ta koma alamar tambaya, littafin ya zama kamar mai tuhumar kowa. Sai ga shi daga baya ƙauye ya dawo ƙauye. Ta rubuta wa malamin Mali imel ta haɗa masa da gyaran, ta ce Bahaushen da zai zo bayanmu ba zai sha wannan wahalar ba.

Madam Ngozi ta leƙa tana kallo. Can ta ce, "Ni na yi shekaru ina sayar da abin nan, ban taɓa ganin cikinsa ba."

Ba duka aka samu ba. Babin ƙarshe, wanda nake adanawa lokacin da wutar ta zo, ya dagargaje, sai guntayen kalmomi. Ramatu ta yi iya yinta ta ce wannan kam ya tafi. Sauran ta zuba mini a faifai, a irin tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa, ta tsare ni sai da na buɗe shi a kwamfutoci daban-daban a gabanta.

Kafin mu taho ta kai mu wurin da suke haɗuwa ranar Asabar, malamai da ɗalibai da ma'aikata, kowa ya zo da faifansa ana kwafa masa a fili, ana shan shayi a ƙananan kofuna. Madam Ngozi ta zagaya ta dawo ta zauna kusa da ni.

"Kin san me? Ba waɗannan ne za su kashe mini kasuwa ba. A bayan shagona ma ana kwafa, ta sata, a ƙarƙashin tebur, su suka daɗe suna cin naman jikina. Waɗannan aƙalla ba sa gudu in sun ga ɗan sanda." Ta karɓi faifai ita ma, ta sa a jaka. Tun daga ranar ta hana ni ce mata Madam, ta ce wanda kuka yi gudun mota tare ya wuce haka. Yaya nake ce mata.

A dawowa ba mu tarar da jami'in nan dogo ba, aka ce ya tafi hutu. Muka bar masa saƙo wurin abokinsa: a gaya masa ya buɗu.

Masu tambayata ko abin ya kashe kamfanonin, bai kashe su ba. Ɗalibai suka ci gaba da neman abin da malamansu suka sani, ni ma na raba ƙafa, kwamfuta ɗaya da wannan, ɗaya da waccan. Firintata ma sai da ta yi mako tana gaba da sabuwar manhajar kafin su shirya. Yaya Ngozi ta ci gaba da sayar da na kamfani, ta ƙara da sa wa makarantu ta kyautar a tsofaffin kwamfutoci tana karɓar ladan aikinta. Abu ɗaya ne ta canza: duk wanda ya zo sayen manhaja sai ta ce masa, kafin ka biya, tambayi yadda za ka fitar da kayanka ranar da kuka ɓata. Yanzu ta koma Inugu wurin 'ya'yanta, layinmu na Samaru ma ba ka gane shi, janaretocin sun yi shiru. Wani lokaci in na wuce ta PZ sai in ji kamar zan jiyo muryarta tana faɗa da Legas.

Ranar Talatar da ta biyo bayan dawowarmu na aika aka ɗauko Baba Yohanna. Ya zauna a kujerarsa, na fara karanta masa daga farko. Da na iso waƙoƙin niƙa ban kai ƙarshen baitin farko ba ya karɓe, da muryar da ban san yana da ita ba, yana kaɗa kai, hawaye na bin gemunsa. Masu jiran a buga musu takarda suka tsaya cak a ƙofa.

Na gaya masa babin ƙarshe ya tafi. Ya ce wannan da sauƙi, na zamaninsa ne, yana nan a kansa. Sannan ya tambaya, "Yanzu makullin yana hannun wa?"

"Babu makulli, Baba. Kowa na iya buɗewa."

"Kowa? Har wanda zai canza mini magana?"

Na ce in ya ga dama zai iya. Ya murza kan sandarsa.

"To a bar shi a buɗen. Amma a buga mini a takarda kuma, a kai ƙauye."

Muka shafe wasu Talatocin yana sake faɗar babin da ya ɓace, ya ma fi na da tsawo. Ranar da na zaci mun gama, har na ɗauke hannu, sai ya gyara zama.

"Sabon sakin layi. Rubuta: A shekarar da littafin nan ya kusa mutuwa kafin mai shi, mata biyu suka tashi daga Zariya..."

"Baba, wannan ai ba tarihin ƙauyenku ba ne."

"Littafin wa kike bugawa, nawa ko naki?"

"Naka."

"To buga. Saratu matar Ishaku, da Ngozi ta PZ. Suka je suka sami ta uku, Ramatu ta Yamai. Ki tambayi Ngozi yadda ake rubuta sunanta daidai, kada a ce tsohon malami ya yi kuskure."

Na buga sunayen mutane ba iyaka a shafin godiya na furojet, iyaye da malamai da abokai, har da 'yan matan da daga baya aka dawo aka ce in goge. Ranar ce na fara buga nawa. Sai da na yi kuskure a ciki na goge na sake, Baba yana zaune yana jira in karanta masa.